Shekarar da Ba a Zo Mana Gaisuwa Ba

Ɗakin da nake kwana a cikinsa yanzu a Funtuwa, da can wurin ajiye buhunan masara ne. Alhajin da ya ba mu shi ya daɗe yana zuwa ƙauyenmu sayen hatsi da kaka, kuma ya san mai gidana tun kafin Allah ya yi mashi rasuwa. Da muka faɗo garin nan ba mu da ko tabarmar shimfiɗa, shi ya sa aka kwashe buhunan aka share mana. Allah ya saka mashi da alheri. Amma har yau in na buɗe ido da safe sai na ɗan jima ina saurare kafin in gane inda nake. Abin da ke tashe ni a nan ƙugin manyan motoci ne a kan titi, da injin niƙa na maƙwabta, da masu babur da ba su san akwai tsofaffi a duniya ba. A ƙauyenmu kuwa, can yamma da Mahuta, kiran sallar liman ne da muryarsa ta Allah, ba lasifika, sai carar zakaru, sai kuma taɓarya ta fara sauka a turmi daga wannan gida zuwa wancan. Muna yara muna iya gane wadda ke daka ba tare da mun gan ta ba. Dakan innata a hankali yake, da nauyi. Na matar baffana kuwa kamar ana korarta.

Na tashi a gidan manoma. Babana yana noma dawa da auduga, da 'yar fadamarsa ta rake a bakin rafi. Aikin yarinya a lokacin ba ya ƙarewa, amma ban tuna na taɓa jin ya dame ni ba. Da sassafe mu tafi rafi da tuluna, mu dawo mu yi surfe, mu kai wa maza fura gona. Lokacin ɗorawa mu yini a gindinta muna shan garinta har bakinmu ya yi rawaya, mu tara kalwa mu kawo wa kakata ta dafa daddawa. In kaɗanya ta zuba, tun raɓa ba ta bushe ba muke fita tsinta. Da rani kuma sai kaɗi. Kakata, wadda kowa ke ce wa Iya, tana zama a inuwar rumbu da mazarinta da ɗan allinta, ta miƙe ƙafa, mu kewaye ta muna cire mata 'ya'yan auduga. In zarena ya tsinke ba ta faɗa. Sai ta ce, "Kin matsa mashi ne. Sassauta hannunki, ba gudu zai yi ba." Yanzu jikokina ba su san mazari ba. Na taɓa kwatanta masu, suka yi ta dariya suna tambaya ko ba a sayar da zare a kanti a lokacin.

Hayin rafi akwai unguwar Maguzawa. Mu muna salla, su suna kan abin da suka gada, amma rafi ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci. Babbansu wani dogon tsoho ne, Baba Nomau, mai murya kamar ana buga ganga. In ya zo wurin babana ba ya shiga zaure da ƙwaryar giyarsa, a gindin tsamiya yake ajiye ta, ya shigo su gaisa su yi ta maganar ruwan sama da farashin auduga. In an yi salla mu kai masu tuwo da nama, in sun yi girbi su aiko mana da damin sabuwar dawa. Jikarsa Dela ita ce ƙawata. Ta fi ni ƙarfi, ta fi ni baki, ita ta koya mani iyo a rafi, ita kuma ke dukan duk yaron da ya tsokane ni. Matansu suna noma kamar maza, don haka tafin hannunta tun muna ƙanana kaushi gare shi. Ranar gayya kuwa ba a tambayar addinin kowa. Mai ganga ya tsaya a bakin gona, samari su jeru da garemani, Musulmi da Bamaguje kafaɗa da kafaɗa, mu 'yan mata muna biye da kunu muna yi wa wanda aka bari a baya dariya.

Abin da ya fi zama mani a rai daga ƙuruciyata shi ne shekarar sanƙarau. Ban kai munzalin aure ba a lokacin. Bazara ta yi zafi ƙwarai, ruwa ya ƙi sauka, sai muka fara jin an yi rashi a wannan ƙauye, an yi a wancan. Aka ce ciwon daga kai yake kamawa, wuya ya sanƙare, mutum ya fita hayyacinsa. Mai unguwa ya sa aka yi shela kada a cunkushe a ɗaki, kowa ya kwana a tsakar gida. Mutane sun tsorata, ba ƙarya. Yayana Garba, wanda nake bi, saurayi ne da ya fara tara kayan aure. Ya dawo daga sharar gona ya ce kansa na sara. Aka jiƙa mashi magani, aka yi mashi tofi. Kafin a gama shawarar yadda za a kai shi asibiti a kan jaki, rai ya yi halinsa.

Innata ta shige ɗaki ta ja asabari, ta ƙi fitowa. Ni kuma ina tsammanin ba wanda zai zo gidanmu, tunda kowa ya san abin da ya kashe shi. Amma ana dawowa daga maƙabarta sai na ga ana shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya, inda iska ke kaɗawa. Maza suka zauna a can. Mata suka cika tsakar gida, kowace da 'yar ƙwaryar hatsinta. Can sai ga matan hayin rafi sun ƙetaro a jere da itace a ka, Dela na bayansu da tulu. Iya ta tashi da sandarta, ta je ta ɗaga asabarin, ta ce wa innata, "Fito. Mutane sun bar gidajensu cikin wannan ciwo sun zo maki. Kada ki bar su su koma da gaisuwarsu. In kuka ne, zo ki yi shi a gabansu." Innata ta fito. Ta zauna ta yi kuka har muryarta ta dushe, matan suna riƙe da ita, wasu na taya ta, wasu na ba ta labarin nasu da suka binne. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, ba a taɓa hura wuta da itacenmu ba. Da damina ta faɗi, babana bai da ƙarfin zuciyar shiga gonar da Garba ya share. Wata safiya muka ji ganga. Baba Nomau ne ya kawo samarinsa. Ya tsaya a ƙofar gida ya ce, "Malam, ba sai ka fito ba. Yaron nan ya share gona, ba za mu bar ta ta koma daji ba." Da aka yi arba'in innata ta yi kitso, ta koma dakanta. Ba ta manta da Garba ba har ta mutu, amma tana iya ambatonsa ta yi murmushi.

A haka na san mutuwa. Abu ce mai zafi, amma tana da ranar farawa, tana da mutanen da ke zama da kai a cikinta, kuma akwai ranar da ake naɗe tabarmi.

Na yi aure a ƙauyen, na haihu, na binne wasu, wasu suka rayu. Matan suka yi aure suka tafi. Namiji ɗaya ya rage mani, Isiya, shi ya riƙe gida bayan rasuwar babansa. Mutum ne marar yawan magana, mai son dabba. Yana da shanun huɗa guda biyu da yake ji da su kamar 'ya'yansa. Matarsa Hansai 'yar Tsiga ce, yarinya mai haƙuri, ta haifa mashi yara biyu. Zamani ya riga ya sauya kafin nan. Auduga ta ja baya, masara da waken suya suka karɓe gonaki, taki sai na buhu, gayya ta zama sai labari. Dela ta tsufa a hayin rafi, ni na tsufa a nan, muna haɗuwa ranar kasuwa mu yi ta zagin gwiwoyinmu. Sannan aka fara jin labarin 'yan bindiga a dajin yamma. Da farko shanu suke kora. Daga baya suka koma kan mutane.

Ranar da suka shigo mana, da rana tsaka ne, ana shirin shuka. Na idar da azahar ke nan na ji ƙarar babura da yawa, irin wadda ban taɓa ji ba, sai harbi. Isiya ya shigo da gudu ya saɓi ƙaramin yaron, ya kama hannuna, Hansai ta ja babbar, muka bi ta bayan gida muka gangara cikin kwazazzabon rafi inda mutane ke ɓuya. Muna hango hayaƙi na tashi daga cikin ƙauyen. Da ya ga mun zauna sai ya ce, "Inna, bari in je in kwance shanun nan, kada wuta ta ci su a turke." Na riƙe rigarsa. Ya ce, "Yanzu zan dawo." Ya zare hannuna a hankali ya hau gangaren. Ganina da shi ke nan.

Da ƙura ta lafa muka bi sauran jama'a a ƙafa har bakin titi, aka kwaso mu a motar itace zuwa Funtuwa. Mazan da suka koma binne waɗanda aka kashe sun ce Isiya ba ya cikinsu. Wani ya ce ya hango an tasa shi gaba tare da shanu an nufi daji. Wani ya ce ba shi ba ne. Waɗanda aka kama 'yan uwansu ana kiransu a waya. Mu wayar Hansai ba ta taɓa yin ƙara ba.

Kuma sai muka iso gari a daidai lokacin da ake tsoron korona. An hana cin kasuwa, an rufe masallatan Juma'a, rediyo ba ya maganar komai sai wanke hannu da nisantar juna. Ana ta jin labarin tsofaffi na mutuwa a Kano. Mu da muka zo daga ƙauye cikin dauɗa da yunwa, kallon masu ɗauke da cuta ake yi mana. Ban ga laifin kowa ba, tsoro ne. In Hansai ta je famfo, mata sai su ja baya su rufe hanci da gefen mayafi har ta gama. Alhaji kan aiko mana da abinci, a ajiye a bakin ƙofa a tafi. Ni kuma sanyin kwanan ƙasa ya sa mani tari. Aka ce duk wanda aka ji yana tari za a zo a ɗauke shi a killace, in ya mutu ma ba za a ba 'yan uwansa gawa ba. Ko gaskiya ne ko ƙarya ban sani ba, amma na yarda. In tarin ya taso sai in cusa fuskata cikin zane. Hansai tana ɗaga murya tana yi wa yara faɗan ƙarya don kada maƙwabta su ji. Ba mutuwar nake tsoro ba. Tsorona kada a kai ni wani wuri Isiya ya zo nema bai same ni ba.

Ba wanda ya zo mana gaisuwa. To, gaisuwar me za a yi? Ba gawa, ba kabari, ba wanda ya ce ya mutu. Mutanen ƙauyenmu sun watse, wasu Bakori, wasu Malumfashi, wasu har Zariya, kowa na kulle a inda ya samu. Muka zauna ni da Hansai a ɗakin nan muna kallon juna, ba mu san ko kuka za mu yi ko jira ba. Sai muka zaɓi jira.

Cutar ta wuce, aka buɗe kasuwa, mutane suka yar da takunkumin fuska suka ci gaba da harkokinsu. Ni ban wuce ba. Hansai ta samu aikin shiƙar hatsi a kasuwa, ni ina ɓare gyaɗar mutane a gida. Abinci ba ya yi mani daɗi, barci sai kaɗan. In an ce an sako wasu daga daji, sai in sa Hansai ta bar aikinta ta je ta dubo. Ta je ta dawo, ta je ta dawo, har na daina tambayarta in ta shigo, fuskarta kawai nake duba. Wata maƙwabciya ta taɓa cewa "Allah ya jiƙan Isiya" a gabana, na daina amsa gaisuwarta. Babura in sun taho da yawa a jere, sai in ga kaina a bayan ƙofa, ban san lokacin da na tashi ba. Wata ma'aikaciyar asibiti ta auna ni ta ce jinina ya hau, ta tambaye ni abin da nake tunani. Na ce mata ba komai.

Shekaru suka tafi a haka. Rannan mahaifin Hansai ya zo daga Tsiga. Ya zauna a bakin ƙofa, muka gaisa, ya daɗe yana juya hularsa a hannu. Sannan ya ce, "Inna, na je wurin malamai, na je wurin alƙali. Sun ce shekarun da ake jiran wanda ya ɓace sun cika. In kin amince, yarinyar nan ta yi takaba, ta san matsayinta. Ƙuruciya gare ta." Na ce, "Malam, ka ga gawarsa?" Ya ce bai gani ba. Na ce, "To ni ban haifi ɗan da za a yi wa takaba yana raye ba." Bai ja da ni ba. Ya yi sallama ya tafi. Hansai tana ciki tana jin mu, ta ci gaba da tankaɗenta.

Bayan wannan da 'yan makonni, ina zaune ina ɓarar gyaɗa, sai na ji ana tambayar yara, "Nan ne ɗakin tsohuwar nan mai taurin kai?" Ko ban ɗaga ido ba na san muryar. Dela ce. Ta rame, ta ranƙwafa, idonta ɗaya ya yi fari. Tana zaune a Malumfashi wurin jikanta, ashe ta daɗe tana cigiyata. Muka riƙe juna. Da muka natsu ta ba ni labarin hayin rafi. Ba kowa a can yanzu. An kashe mata ɗa da jika a rana ɗaya, amma ita ta gan su, ta wanke fuskarsu da hannunta.

Ta kwana biyu tare da mu. Tana lura da Hansai, yadda take fita da sassafe ta dawo da ƙaiƙayi a gashin ido, ba kitso, ba kwalli. Ranar da za ta koma, Hansai ta tafi kasuwa, sai Dela ta ce mani, "Ƙawa, yarinyar nan matar aure ce ko bazawara?"

Na ce, "Matar Isiya ce."

Ta ce, "Ke kin yi zamaninki. Kin yi aure, kin haihu, kin ga jikoki. Ita fa? Kina so ta tsufa a ɗakin buhu tana jiran abin da ke kanki kin san ba ya zuwa?"

Na ce, "Ban sani ba, Dela. Da na sani ai da na huta."

Ta ce, "Kin sani. Yaron da ya koma cikin wuta saboda shanu, shi ne zai yi shekaru yana numfashi bai aiko wa uwarsa ko da saƙon baki ba?"

Na ji kamar ta mare ni. Na buɗe baki in yi mata faɗa, sai kuka ya fito. Tun ranar da muka baro gida ban yi irinsa ba. Ta jawo ni jikinta da hannun nan nata mai kaushi, ba ta ce in yi shiru ba. Da na lafa ta ce, "Ba a zauna maki ba ne, shi ya sa. Ki sa rana. Ni zan gaya wa na Malumfashi, su kuma su gaya wa na gaba."

Aka sa rana. Alhaji ya ba da ƙofar gidansa da tabarmi, limamin unguwa ya zo ya yi addu'a. Ban zaci za a taru ba, amma tun hantsi suka fara isowa, a motar haya, a kan babur, wasu a ƙafa. Mutanen da na sani da ƙiba sun zama ƙashi, yaran da na bari a goye sun yi wayo. Kowa ya durƙusa ya ce, "Inna, ya haƙuri?" Sai na ji bakina yana cewa, "Haƙuri da godiya. Allah ya jiƙansa." Wani ya ba da labarin yadda Isiya ya yi mashi huɗa kyauta shekarar da ya karye. Wata ta tuna yadda yake yi wa shanunsa magana kamar mutane, aka yi dariya, ni ma na yi. Kafin la'asar zaman ya zama na kowa, don ba wanda ya zo da ba shi da nasa mamacin da ba a zauna wa ba. Aka yi ta kiran sunaye ana fatiha. Matar nan da na daina amsa wa gaisuwa ita ta dafa abincin baƙi.

Hansai ta shiga takaba washegari. Da ta cika, mahaifinta ya aiko cewa zai zo ya tafi da ita da yaran, kuma ɗakina na nan a gidansa in ina so. Na ce zan riƙa zuwa. Ana gobe tafiyarsu, da yamma, na aika aka sayo lalle, na kwaɓa da kaina, na ce ta zauna ta miƙo ƙafa. Ta ce, "Inna, ke za ki sa mani?" Na ce ni zan sa. Ƙafar duk ta yi faso saboda zirga-zirgar da na yi ta sa ta. Ina shafawa tana kallon ƙasa, hawaye na ɗiga a kan zanenta. Can ta ce, a hankali, "Inna, in ya dawo fa?"

Na ɗaure ƙafar da ganye da tsumma, na gyara ƙullin.

Na ce, "In ya dawo, ni zan yi mashi bayani. Miƙo ɗayar."